Jar Hodar da Muka Kira Magani

Ranar da rediyo ya ce hukuma ta haramta sayar da wani maganin iri, ina zaune a zaure ina ɗaure ƙafar tabarau da zare. Mai karanta labarai ya faɗe shi da muryar da yake faɗin farashin taki. Ya ce an gano yana da illa ga lafiyar ɗan Adam, daga nan ya wuce labarin ƙwallo. Na kashe rediyon. Ban yi murna ba, ban kuma yi hamdala ba, Allah ya yafe mini. Abin da ya dame ni shi ne, har a bakin mai sanar da haramcin, sunan abin bai canza ba. Magani ya kira shi. Da bakin da muke cewa maganin zazzaɓi da maganin tarin yara, da shi muke cewa maganin iri, kuma ban taɓa jin wani ya tsaya ya ce wannan suna bai dace ba. Ni ma da na sani tun ina saurayi ban ce ba.

A ƙauyenmu, can tsakanin Funtua da Malumfashi, da ba a sayen iri. Kafin girbi Kaka, mahaifiyar mahaifina, takan shiga gona da sandarta tana duba zangarniyar dawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen zane. Wadda ta cika ta yi nauyi sai ta ce a yanko mata daban. Ita za a ɗaure a rataye a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har damina ta zagayo. Irin wake kuwa cikin tulu ake zuba shi da toka, a liƙe bakin da laka. Ba zan ce zamanin nan aljanna ba ne. Akwai burtuntuna, ciwon da ke kama dawa ya mai da ƙwayarta baƙin gari, kana taɓa zangarniya ta fashe ta ɓata maka riga. Wata shekara takan ci gefen gona guda. Kaka takan tsaya a kanta tana tsaki, ta ce, "A fitar da ita bayan gari a ƙone, kada a bar mini ita kusa da 'yan'uwanta." Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ba kullum yake isa ba. Amma duk abin da ke gidanmu a lokacin, in yaro ya ɗauka ya kai baki, ba a gudu neman mota.

Abin da na fi tunawa da gidan nan shi ne ƙarar mazarin Inna. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, muka zauna a hannun yayansa, wanda muke kira Baffa. Inna, mahaifiyata, kaɗi ne sana'arta. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, bayan an kai ta kasuwa akan bar wa mata ragowa. In an gama daka, lugude ya lafa a gidajen maƙwabta, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Yana da wata 'yar ƙara siririya da ba ta katsewa, ni kuwa ina gefe da littafi, har na saba ba na iya karatu sai da ita. Zarenta ba ya kauri a wani wuri ya sirance a wani wuri. Masaƙa daga wasu ƙauyuka suke aikowa a ajiye musu. Da zaren nan aka saya mini akwatin ƙarfe da na tafi makarantar kwana da shi. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai", ko in tana magana da wani ta ce "yaron nan". Ba ma doguwar hira. Ita da mazari, ni da littafi, haka muke wuni.

Jar hodar ta shigo ne ta hannun malamin gona, wanda ya zo a kan keke ya tara mutane a ƙofar mai gari. Bayan shi sai wani Alhaji da ke da shago a kasuwarmu ya karɓe cinikin gaba ɗaya. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi aiki. Wanda ya cuɗa irinsa da ita, burtuntuna ba ta ziyarce shi ba a shekarar. Nan da nan kowa ya watsar da hayaƙi da toka. A masaki ake zuba iri, a barbaɗa hodar, a cuɗa da hannu tsirara. In maza suka dawo daga shuka tafin hannunsu ja wur, sai mata su yi ta yi musu tsiya, wai angwaye sun sha lalle. Da hannun nan za su ɓare goro, da shi za su ci fura a bakin gona. Masakin kuwa a ɗauraye shi a maida shi cikin kayan kicin. Daga baya ma sai aka fara kawo irin masara a buhu, an riga an shafe shi da ita tun daga kamfani. Wa zai ji tsoro? An ce magani ne.

Sai ga shekarar da ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke har tsiron ya ƙone. Aka sake shuka a makare. Kafin sabon amfani ya nuna, rumbunmu ya kai ƙasa, ana leƙawa ana jin ƙanshin laka. Lokacin na dawo hutu, saurayi ne ni mai gashin gemu uku, siriri, wanda ba ya iya haɗa ido da babba. A makaranta ni ne mai gyara wa 'yan aji rubutu, ba na barin ko ɗigo ya ɓace. A gida kuwa in an tambaye ni abu sai an ce in ɗaga murya. Dawar da ta rage mana ba ta wuce 'yan tiyoyi ba, mu kuwa gida cike da yara. Amma a ɗakin Baffa akwai rabin buhun jar masarar nan da ta rage daga shuka.

Wata rana bayan la'asar Baffa na zaure da baƙi, Alhaji mai shago da wani tsohon maƙwabcinmu mai nauyin kunne. Baffa ya jawo buhun tsakiyar tabarma ya ƙwala mini kira.

"Ina malam ƙarami? Zo nan. Shekara da shekaru kana can kana cin shinkafar gwamnati, yau mu ga amfaninta. Karanta mana takardar nan."

Na durƙusa. Takardar a ɗinke take a bakin buhun, da Turanci, ƙananan baƙaƙe. Na karanta ta sau biyu a zuci, don ba na son kuskure. Babu kalma ɗaya da ta shige mini duhu. Cewa aka yi guba ce, kada mutum ya ci, kada a ba dabba, kuma wanki ba ya fitar da ita. A sama akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye.

"To?" in ji Baffa. "Ko Turancin ya fi ƙarfinka?"

"An ce kada a ci," na faɗa, idona a kan tabarma.

Tsohon ya karkato kunne. "Me ya ce?"

Alhaji ya yi dariya ya gyara babbar riga. "Cewa ya yi kada a ci. Ai dole su rubuta haka, Malam. In kowa ya cinye iri, me za a shuka baɗi? Wayon kamfani ne. A wanke sau uku, in ruwa ya fita fari shi ke nan. Garuruwa nawa aka ci, ga su nan da ransu."

Baffa ya dangwala yatsa a kan hoton. "Wannan ƙoƙon kan fa, na wane ne?"

"Na burtuntuna ne," in ji Alhaji. "Haka yake yi mata."

Suka fashe da dariya, har tsohon da bai ji ba ya taya su. Sai Baffa ya juyo gare ni, dariyar ta bar fuskarsa, don shi da gaske yake, yunwar gidansa ce a kansa.

"Kai, tambaya ɗaya zan yi maka. Abin nan da aka shafa wa masarar, magani ne ko ba magani ba ne?"

Kalmar tana kan harshena, gajeriya ce, baƙaƙe huɗu. Amma in na faɗe ta, na mai da Alhaji maƙaryaci a zaurenmu, baƙo, wanda ya girmi mahaifina, a gaban Baffa. Yana kallona yana murmushi yana jan carbi. Kuma ta wani gefen ai ba ƙarya zan yi ba, duk garin haka ake kiran abin. Da wannan na lallashi kaina.

"Magani ne, Baffa."

"To, alhamdu lillahi. Wa magani ya taɓa kashewa? Ɗauka ka kai ciki."

Ni na ɗauki buhun a kafaɗata na kai tsakar gida. Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta, ta bi shi da ido. Da Baffa ya shigo ta ce masa, "Wata uku buhun nan yana ɗakinka, ɓera bai huda shi ba, ƙwaro bai shiga ba. Ku kun fi su yunwa ne?"

"Iya, ɓera bai yi boko ba," in ji Baffa. "Ga wanda ya yi nan, ya ce magani ne."

Inna ta jawo buhun. Ta ɗebi masarar ta zuba a babbar ƙwarya ta wanke. Ruwan farko ja kamar na yanka, ya bi rariya ya fita lungu. Na biyu ya yi fatsi-fatsi. Na uku ya fita fari, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Ta shanya, ta surfa, ta bakace, ƙurar na tashi tana shiga mata hanci. Abin da na lura da shi, ban kuma tambaya ba, shi ne tun daga ranar tukunya biyu take ɗorawa. Ƙarama ta tuwon dawa, ita ake kwasa mana, ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa da Kaka. Babba ta masara, ta manya. Baffa ya ci kwana uku ya kama amai da ciwon kai, ya ce masarar ba ta karɓe shi ba, ya koma cin rogo a gona. Matarsa ta bi shi. Inna ce ta ci gaba. Safe da yamma, har da ɗumame, har buhun ya ƙare. Ni kuwa hutu ya ƙare na ɗauki akwatina na koma makaranta, cikina cike da dawa.

Da na dawo hutun gaba, tun daga zaure na ji gidan ya yi wani irin shiru. An yi girbi, rumbu ya cika, yara na wasa, amma babu ƙarar mazari. Na same ta a inuwar rumbu, auduga a cinya, tana ƙoƙarin murzawa. Yatsun ba sa bin umarninta. Mazarin ya yi juyi biyu ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗi. Ɗan zaren da ta samu ya fito duk ƙulli, nan kauri nan siriri. Ta ce ƙafafunta kamar ta taka auduga, kuma ba ta ganin abin da ke gefenta sai ta juya kai gaba ɗaya. Mutane suka ce iska ce. Aka yi turare, aka sha rubutu. Da aka kai ta asibiti likita ya tambaya me take ci, Baffa ya ce tuwo, kamar kowa. Ina tsaye a bayansa. Nan ma ban buɗe baki ba. Sai bayan shekaru, a ɗakin karatu, na ci karo da bayanin cewa wasu daga cikin hodojin nan ba sa fita daga jiki, taruwa suke yi su kama jijiya. Na kwafe shafin tsaf a littafina, da kyakkyawan rubutu, ban bar ko ɗigo ba. Amfanin da ya yi wa Inna ke nan.

Ta rayu shekaru masu yawa da hannuwan nan. Ba ta sake kaɗi ba, kuma ba ta iya kai moɗa baki sai ruwan ya zube. Wata rana, na riga na fara aikin koyarwa, ina riƙe mata kofi tana sha, sai ta ɗago ta ce, "Kai, ka daina yi mini wannan kallon. Ranar nan ina bayan ƙofar zaure, na kawo wa baƙi ruwa. Na ji lokacin da ka ce kada a ci."

Na ajiye kofin. Na ce, "To Inna, don me kika ci?"

"In na ƙi, me zan ce wa Baffanka, bayan an ce magani ne? Kuma dawar ba ta isar mu duka. Na dai raba tukunya." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka faɗa, ai ka faɗa. Muryarka ce ƙarama."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Alhaji kuwa shagonsa ya zama biyu, ya zama uku, ya gina bene, ya rasu ana yabonsa da kyauta. Na bi gawarsa har maƙabarta, Allah ya san abin da ke raina a cikin sahu. Amma ba shi kaɗai nake riƙe da shi ba. Ina riƙe da wanda ya zauna a ofis ya sa hannu aka shigo da abin, ya ga takardar da Turanci, ya kuma san waɗanda za su cuɗa shi da hannu ko sunansu ba sa iya karantawa da boko. Ina riƙe da malamin gonan da ya koya mana cokali nawa ake zubawa bai koya mana wanke hannu ba. Yanzu an wayi gari jikokinsu sun fito a rediyo wai sun gano yana da illa. Da ana cewa jahilci ne ya cuce mu. To yau kowane gida akwai mai takardar sakandare, kowane aljihu akwai waya, amma je ka bakin gona ka ga saurayi goye da tankin feshi ba riga, iska na maido masa da abin a fuska, in ya gama ya ɗauraye galan ɗin ya kai wa matarsa ta zuba man gyaɗa.

Ranar kasuwar Malumfashi da ta biyo bayan sanarwar, na hau mota na je in ga dokar da idona. A layin masu kayan gona na sami wani saurayi a ƙarƙashin laima, gabansa bokitin roba cike da jar hoda, yana ɗiba da cokalin shayi yana ƙullawa a leda. Ba zan rantse cewa ita ce ta zamaninmu ba, ko ita ce wadda rediyo ya ambata. Launin dai ɗaya ne, warin ma na gane shi tun daga nesa.

"Baba, sannu da zuwa. Na masara ko na dawa?"

Na ce, "Ina takardarsa?"

Ya waiga hagu da dama, ya yi dariya. "Baba ke nan. Ai takardar ce fitinar. In jami'ai suka ga suna a jiki sai su kwashe. Shi ya sa muka juye a bokiti muka ƙone fakitin. Yanzu lafiya lau, ba mai taɓa mu."

Abin da doka ta yi mana ke nan. Ta ɗauke takardar ta bar hodar. A zamanina aƙalla akwai abin karantawa, matsoraci ne aka ba ya karanta. Yanzu ko ƙoƙon kan babu.

Ina tsaye sai ga wata mata da goyo, ta sayi ƙulli biyu ta jefa a jakar cefanenta, a kan daddawa da ƙuli-ƙuli. Ta ga furfurata da tabarau, ta rusuna ta ce, "Baba, don Allah ƙulli nawa ake sa wa tiya ɗaya na maganin nan?"

Na ce, "Ba magani ba ne, 'yata. Guba ce."

Hayaniyar kasuwa ta haɗiye maganar. Ta karkato kai ta ce, "Na'am, Baba?" Saurayin ma ya ɗago yana murmushi. Na ga tabarmar zauren nan a gabana kamar yau. Na cire tabarau na cika ƙirji.

"Na ce guba ce! Guba! Fitar da ita daga cikin abincin 'ya'yanki!"

Masu tumatir suka juyo. Wani mai babur ya taka birki. Saurayin ya miƙe tsaye. "Haba tsoho! Me na yi maka za ka kashe mini kasuwa? Kowa a nan magani yake cewa, kai ne ka fi kowa sani?"

"A kan wannan dai na fi ka," na ce masa. "Uwata ta ci."

Ya koma ya zauna yana ƙunƙuni. Matar ba ta mayar da hodar ba, kuma ban yi tsammanin za ta mayar ba, don ita ma tana da gona tana da burtuntunarta. Amma ta ciro ƙullin biyu ta riƙe da gefen leda nesa da jikinta, ta zubar da ƙuli-ƙulin da ya taɓa su. Na yago shafi daga ɗan littafin da ba ya barin aljihuna, na rubuta kalmar da boko da ajami, na ɗaura mata a jikin ledar da ragowar zaren tabarau.

Tun daga ranar, duk jajibirin kasuwa nakan zauna bayan azahar in yanka takardu daidai wa daida, in rubuta baƙaƙe huɗun nan a kan kowace, washegari in kai kasuwa in ɗaura wa masu sayen hodar a jikin ledarsu. Masu bokiti sun san ni, suna hango ni suke tsaki, akwai wanda ya sa mini suna Baba Guba. Ina amsawa. Sai dai rubutun ba ya fita kamar da. Tsufa ya kama hannuna, alƙalami na rawa, layin ya fito nan kauri nan siriri, kamar zaren Inna na ƙarshe. Da, in shafi ya fito haka yaga shi nake yi in sake. Yanzu ba na sakewa. Ana iya karantawa.